Igwar da ke cikin hoton kakanmu: ita ce suka ɗauka a ka a Boma?

Jikan Soja, Bagalam, Maraɗi

Assalamu alaikum. Ina neman wanda ya san kayan soja na da ya raba mu gardama ni da ɗan baffana, don abin ya kai in an tado zancen a gida sai tsofaffi sun tsawata muna.

Kakanmu na wajen uba haifaffen nan Maraɗi ne, amma sojan Ingila ya yi, ba na Faransa ba. Zamanin aikin dole ya tsallaka Katsina yana saurayi, can aka ɗauke shi soja, aka kai shi yaƙin Boma. Ya dawo a 1946, ya tarar garin da ya bari a fadama ruwan Gulbi ya cinye shi tun 1945, mutane sun hau tudu, sai da ya yi tambaya kafin ya gane inda danginsa suka koma. Na riske shi da rai, ina ɗan lakwal. Kunnensa na hagu ya mutu, in za ka yi mai magana sai ka zagayo ta dama. Maganar da ba ya gajiya da ita ita ce: "Mu muka ɗauki igwa a ka, muka hau dutse da ita." In ya faɗa sai ya tuɓe hula ya nuna muna tsakar kansa, inda gashi bai ƙara fitowa ba.

Abu biyu ya bari a gidanmu. Na farko hoto ne da ya yi ja don tsufa. Su huɗu ne tsaye, kowa da malfar soja an naɗe gefe ɗaya, a jikin wata ƙatuwar igwa. Tayoyinta na roba ne irin na mota. Bututun gajere ne amma mai kauri, bakinsa wage, kuma ƙarƙashinsa akwai wani dogon akwatin ƙarfe da yake kwance a kai. Ba ta da garkuwa a gaba. Ta baya wutsiya guda ce ta sauka ƙasa. Na biyu wani ƙoƙon tagulla ne mai nauyi, wanda ya ce kwanson harsashin igwarsu ne. Kakarmu ta maida shi kaskon turare, yanzu yana ɗakin mahaifiyata.

Ɗan baffan nawa ya yi karatu Yamai. Ya ɗauki hoton a waya, ya yi bincikensa, ya ce wagga igwa ta Ingila ce mai inci 6, nauyinta ya haura tan uku, saboda haka tsoho ƙari ya yi, ba mahalukin da ya taɓa ɗaukar ta a ka. Ni tela ne, ban san igwa ba, amma na san tsohon, ko kuɗin goro ba ya ƙara wa sisi in yana ba da labari. To mi ne gaskiya? Wace igwa ce a hoton? Kwanson nata ne? Kuma mi suka ɗauka a ka?

Tsohon Saje, Zariya

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka. Ni a ɓangaren atilare, wato masu harba igwa, na yi aikina har na yi ritaya, a Kaciya aka horar da mu, kuma na tarar da ragowar sojojin da suka yi yaƙin Boma suna zuwa karɓar fansho, na sha zama da su. Ɗan baffanka ya yi daidai a kan hoton, ya kuskure a kan tsohon.

Yadda ka kwatanta ta, gajeren bututu mai kauri, akwati a ƙarƙashi, babu garkuwa, wutsiya ɗaya, wannan ita ce hawiza (igwa mai cilla harsashi sama ya faɗo daga bisa) mai inci 6 da Turawa ke kira 26 cwt, wato nauyin bututun da murfin bayansa ke nan a awonsu, wajen kilo 1,300. Gaba ɗayanta da keken da take kai ta kusa tan 3.7. Da a ce ka ga dogon bututu, da wasu ƙarafa biyu a tsaye hagu da dama, da wutsiya biyu da ake warewa, da na ce maka mai inci 5.5 ce, wadda ta gaje ta. Tayar roba mai iska kuwa ta nuna hoton na yaƙi na biyu ne, domin a yaƙi na farko ƙafafun katako gare ta masu ɗaurin ƙarfe.

Amma kwanson da ke ɗakin mahaifiyarka ba nata ba ne, kuma ba sai na gan shi ba. Wannan igwa ba ta da kwanso kwata-kwata. Bari in gaya maka yadda ake ɗura ta. Mutum goma ke kanta. Harsashin laba 100 ne, kilo 45, kaɗan ya rage ya kai buhun siminti. Mutum biyu ke tallabo shi a kan wani faranti mai hannaye, su kawo bakin baya, wasu su sa doguwar sanda su tura shi da ƙarfi har zoben jan ƙarfen da ke gindinsa ya ciji zanen cikin bututu. Sannan a kawo albarushi a cikin jakar yadi a cusa bayansa, a rufe murfin, wanda murɗawa yake yi ya kulle. Sai a sa wani ɗan ƙaramin bututun kunnawa a ja igiya. Jakar nan ƙonewa take yi ƙurmus. In an buɗe ba abin da ke faɗowa sai hayaƙi, a sa jiƙaƙƙen tsumma a kan sanda a goge ciki kada wani garwashi ya saura ya kama jaka ta gaba. In sun yi sauri ƙwarai su harba biyu a minti ɗaya. Ka ga babu inda ƙoƙon tagulla zai fito.

Masu kwanso su ne ƙanana. A cikinsu akwai wadda sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe da hannunsu a Boma, hawizar dutse mai inci 3.7. Ita nauyinta wajen kilo 730 ne, harsashinta kilo 9, tana jifa kilomita biyar da ɗoriya. An ƙera ta ne don a kwance ta gunduwa-gunduwa, kaya takwas, a ɗora wa alfadarai; hatta bututun gida biyu yake rabuwa. Raba 730 gida takwas ka gani, kowane kaya ya kai kilo 90. To a dajin Arakan, can yammacin Boma, inda ba alfadari, ba hanyar jif, wa zai ɗauka? Mutanenmu. Babban gunduwa mutum uku ko huɗu su haɗu a kansa da sanduna, harsasai kuwa a ka, da gammo. Rundunar Afirka ta Yamma ta 81 da ta tafi a 1943 da ta 82 da ta bi ta a 1944 duk suna da dubban sojoji waɗanda aikinsu ke nan, ɗaukar kaya, yawancinsu adda kawai gare su. Saboda su ne Bature ya iya tura waɗannan rundunoni inda mota ba ta shiga, jirgin sama yana jefo musu abinci.

Saboda haka ka samo abin awonka na ɗinki ka auna bakin kwanson da tsawonsa. In bakin ya kai santimita 9 da rabi kuma gajere ne, na 3.7 ne. In santimita 9 ya gaza kaɗan, tsawon kuma ya kusa 30, na igwar da suke kira mai laba 25 ce. In bakin 7 da rabi ne, dogo siriri wajen santimita 35, to na 75 ɗin Faransa ne, tunda ku a can kuke. Ka kifa shi ka karanta gindin, akwai rubutu.

Mushe Mai Ritaya, Tibiri

Saje, Allah shi ƙara lafiya, ka gama magana a kan ƙarfe. Ni tarihi na koyar, bari in ƙara abin da ya sa aka yi wagga igwa tun farko, don yaran da ke karantawa.

Ƙarshen 1914 sojojin Jamus da na Faransa da Ingila sun kasa ture juna, kowa ya haƙa rami ya shige, ramuka jere tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan. Yawancin igwogin da suka zo da su masu harbi miƙe ne, an yi su don mutanen da ke tafe a fili. Wanda ke cikin rami kuwa, da ƙasa da katako bisa kansa, harsashi miƙe wucewa yake yi ta samansa. Sai an sami mai cilla babban harsashi sama ya faɗo mai daga bisa. Aikin hawiza ke nan: ana ɗaga bakinta har digiri 45, kuma ana ƙara albarushi ko a rage gwargwadon inda ake so ya sauka. Masu inci 6 da Ingila ke da su lokacin tsofaffi ne, tun na ƙarshen ƙarni na 19, ba su da nisa. Kamfanin Vickers ya zana sabuwa a 1915, kafin shekarar ta fita ta isa fagen daga. Sun ƙera fiye da 3,600. A fagen Faransa da Beljiyam kaɗai ta harba harsashi sama da miliyan 22. Ku tsaya ku lissafa wanga adadi da kilo 45 kowane ɗaya, sannan ku tuna duk hannun mutum ne ya ɗaga su, daga jirgin ƙasa zuwa mota, daga mota zuwa rami, daga rami zuwa bakin igwa.

Nisanta da harsashi mai laba 100 yadi 9,500 ne, kilomita 8.7. Daga baya suka yi mai laba 86, ya kai ta kilomita 10.4. Wanga nisa ya wadatar a yaƙin Som, ƙasar Faransa, a 1916, inda abokin gaba ke zaune wuri ɗaya wata da watanni. A 1940 bai wadatar ba. Da Jamus ta koro Ingilishi zuwa Dankak, bakin tekun Faransa, suka tsere ta teku, da yawa daga cikin igwogin nan can aka baro su, Jamusawa suka kwashe suka yi aiki da su. Sauran suka yi yaƙin hamadar Libiya da Masar har mai inci 5.5 ta fito, wadda ke kai harsashi mai nauyi ɗaya kusan kilomita 15. Sai aka tura tsohuwar inda buƙata ba ta kai ta Turai ba. Boma ce fagenta na ƙarshe, a 1945 aka sallame ta. Ka ga tsohuwa ce tukuf lokacin da kakanka ya tsaya a jikinta.

Wani abu kuma da ya shafe mu. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar na hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ta bi Jamus, wadda ba ta ga maciji da Ingila. Iyakar nan tamu ta Ɗan Isa a rufe take a takarda, duk da ƴan ƙasa ba su bar bin hanyoyin daji ba. Saurayin Maraɗi da ya shiga sojan Ingila a lokacin, wurin kumandan mai laifi ne. Shi ya sa da yawa in an tambaye su gari sai su ce Katsina ko Jibiya ko Daura. Bature mai ɗaukar soja bai damu ba, Hausa ce harshen bariki, in ƙirjinka ya cika awo an gama. Mu nan mun fi tuna waɗanda Faransa ta ɗiba, su ke da gidan tsofaffin sojoji da faretin tuni. Na Ingila sun dawo ba wanda ya rubuta sunansu.

Ƴar Mokoyo

Ni ban san igwa ba, amma Yaya don Allah ka ce wa Inna ta bar zuba garwashi cikin abin nan sai an duba shi. Abin yaƙi ne fa. Shekara nawa muna jin yara sun tsinci ƙarfe a daji wajen Diffa ya tashi da su.

Mu ma kakanmu na wajen uwa ya yi Boma, daga Gazawa. Shi labarinsa bai wuce ruwan sama da matsattsaku ba, wai sai ka cire takalmi ka ga jini, da taba suke ƙona su su saki. Bai taɓa cin shinkafa ba bayan ya dawo har ya rasu.

Tsohon Saje, Zariya

Hajiya, tsoronki a kan hanya yake, amma wanda aka shekara da shekaru ana zuba wa wuta da zai tashi da ya tashi. Duk da haka ɗana ka duba tsakiyar gindin, akwai ɗan ƙaramin da'ira. In ka ga ya loɓa a tsakiya, an riga an harba shi, fanko ne. Abin da ba a wasa da shi shi ne harsashin kansa, mai tsini, na baƙin ƙarfe. Wannan ko ya shekara ɗari kada a taɓa, a kira jami'ai. Har yau manoman Faransa da Beljiyam na tono irinsu da garma.

Malam, na gode da ƙarin nan. Abu ɗaya zan ɗora a kan akwatin da ke ƙarƙashin bututu, don shi ne ya sa igwar ta yi suna. Mai ne da matsattsiyar iska a ciki. In an harba, bututun ne kaɗai ke zamewa baya, man ya tare shi, iskar ta maido shi mazauninsa, keken bai gusa sosai ba. Kuma an yi shi da dabara: in bakin na kwance bututun ya ja baya da nisa, in an ɗaga shi sama sai tafiyar ta gajarta da kanta, don kada gindin ya daki ƙasa. Igwogin da suka riga ta in sun yi tsalle sai an sake saita su daga farko. Kuma ku sani masu harbin ba sa ganin abin da suke harbi. Wani hafsa ne ke can gaba a kan tudu da madubin hange da waya, yana cewa a ƙara, a rage, a yi dama. Mu ma haka muka yi da igwa ƴar Italiya mai milimita 105, wadda ita ma kwancewa take yi.

Jikan Soja, Bagalam, Maraɗi

Baba Saje, Allah shi saka da alheri, Allah shi ja kwana. Mushe, na gode. Ƙanwata, saƙonki ya isa wurin Inna, ta ce turaren da uwar mijinta ta ƙona a ciki ya fi shekarunki.

Bayan la'asar na rufe shago na tafi gida da santimita a wuya. Sai da na juye toka, na sa tsamiya da yashi mai laushi na dirje gindin, don ya yi baƙi ƙirin. Baki santimita 9 da rabi. Tsawo 9 da ɗan kai. Gindin ya fi jikin faɗi kaɗan, yana da leɓe. Da'irar tsakiya a loɓe take yadda ka ce. Rubutu ya fito: akwai 3.7, akwai 1943, akwai wasu haruffa da lambobi, da wata alama mai layi uku da suka haɗu a sama suka ware a ƙasa. Inna na tsaye kaina tana faɗa wai na kankare albarkar abu.

Da ta ji abin da nake nema sai ta tuno wani zance da ni ban taɓa ji ba. Ta ce tsoho ya kan ce su huɗu ne a kan "hancin" igwar, in ɗaya ya zame a gangare duk sai sun zube, shi ya sa ba a haɗa dogo da gajere a kaya ɗaya. Su huɗu ne kuma a hoton, kuma da na sake dubawa kusan kansu ɗaya.

Ɗan baffan Jikan Soja, Yamai

To ai ga ni, tunda an kawo ƙarata gaban duniya. Jama'a ku shaida Baba Saje ya ce inci 6 ce a hoton, abin da na faɗa ke nan. Ban ce Kaka maƙaryaci ne ba, Allah shi kiyaye, cewa na yi wagga ba ta ɗaukuwa. Tambayata ɗaya Baba: in ƙaramar suka yi aiki da ita, mi ya kai su ɗaukar hoto da babbar?

Tsohon Saje, Zariya

Ɗana, kai in za ka aika hoto gida daga Yamai, a jikin babur ɗinka kake tsayawa ko a jikin motar maigidanka? Soja ma haka yake. Manyan igwogin nan na rundunonin Turawa ne da ke bayan daga, kuma duk wanda ya bi ta sansanonin Indiya ko bakin tekun Arakan zai gan su a ajiye. Mai hoto na zagayawa, a ba shi ƴan annai.

Alamar mai layi uku kibiyar gwamnatin Ingila ce, duk kayan sojansu da ita, har bargo da cokali. Kwanson na 3.7 ne, magana ta ƙare.

In kuna son sanin rundunarsa, lambar yabo ba za ta taimake ku ba. Tauraron Boma da Ingila ta raba ba a buga sunan mai shi a jiki. Ku nemi littafin sallama, ɗan ƙarami ne, da lambarsa da sunan ƙungiyarsa a ciki. In ya dawo a 1946 na fi kyautata zaton runduna ta 82 ce, domin mafi yawan ƴan Najeriya a can suke, su ne suka haɗu da ta 81 suka karɓi Myohaung a Janairun 1945, suka gangara kudu ta Dalet da Tamandu. Sunayen nan duk suna kan barikokinmu yanzu, Dalet a Kaduna, Tamandu da Myohaung a Legas, yara na wucewa ba su san garuruwan Boma ba ne. Kuma kada ku yi mamaki in kun ga an rubuta garinsa Katsina, yadda Malam ya faɗa.

Jikan Soja, Bagalam, Maraɗi

Akwatin ƙarfensa na wurin gwaggonmu a Tasawa, ita ta ɗauke shi bayan rasuwa, kuma ba ta bari a buɗe. Ɗan baffa, kai ne ɗan gaban goshinta, in ka zo hutun salla sai mu tafi tare. Kuɗin mota naka ne.